Tarin fuka a ƙasar Damagaram: an kashe maciji, an sare kan kuwa?



Yau tarihin wata tsohuwar cuta za mu taɓa, wato tarin fuka, wanda wasu ke ce wa tibi. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wani hali da muke yawan gani a garuruwanmu. Mutum ya sha magani wata shida cif, malamin asibiti ya duba kakinsa ya ce ya warke, dangi su zo barka, shi ke nan sai a naɗe tabarmar zancen. Katin asibiti ya ɓace, yaran gidan ba a kai su an duba ba, shi kuma mai warkewar ya koma wa tabarsa da ɗakinsa marar taga. Bayan shekara ɗaya ko biyu tari ya dawo, sai ka ji ana cewa ai maganin likita ne ba shi da ƙarfi, ko kuwa hannu aka sa masa. Alhali in mutum ya bi tarihin cutar nan daga farko, abu ɗaya zai ga tana maimaitawa: duk sa'ad da aka ce an gama da ita aka juya mata baya, sa'an nan take dawowa. Haka ta yi wa manyan ƙasashe, haka kuma take yi wa gida guda.

KAFIN A SAN ƘWAYAR

Tarin fuka ba baƙo ba ne a Afirka. Masana sun ga tabonsa a ƙasusuwan mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Nan Afirka ta Yamma ma muna da namu irin ƙwayar, wadda aka fara bayyanawa a Dakar a 1968 aka sa mata sunan nahiyar, Mycobacterium africanum. Ke nan zancen cewa Nasara ne kaɗai suka kawo mana ita bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Ƙasar Damagaram kuwa kowa ya san mahaɗar hanya ce tun da. Ayari ya taso daga Kano ya yada zango a Damagaram, ya nufi Agadas da Gat har Tarabulus, ya dawo da kayan arewa. Fatake, almajirai, bayi, mayaƙa, kowa na shiga yana fita. Duk inda mutane ke cunkuso a ɗaki guda suna shaƙar numfashin juna, cutar ƙirji tana samun hanya.

Kakanninmu sun san ciwon da alamominsa: tari mai daɗewa, zufar dare, rama, wani lokaci har kakin jini. Abin da ba su gani ba shi ne musabbabinsa. Da suka ga yana bin gida guda, uba ya tafi, ɗa ya bi shi, sai suka ce gado ne. Wasu suka ce sammu, wasu iska, wasu sanyi ne ya kwanta a ƙirji. Aka yi ta jiƙo da sassaƙe, da zuma da tafarnuwa, wanzami ya yi ƙaho ko ya cire beli. Kada mu yi musu dariya fa, don a wancan lokaci likitocin Turai da yawa su ma gado suke cewa.

1882: TANIMU A BIRNI, KOCH A BALIN

Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya sa aka ƙera igwa, yana kan gado har 1884. To, shekara biyu kafin ƙarshen mulkinsa, ranar 24 ga Maris 1882, wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ya tsaya gaban ƴan uwansa masana a birnin Balin ya nuna musu ƙwayar da ke kawo tarin fuka, wadda ya gani da madubin likita. A lokacin, cikin kowane mutum bakwai da suka mutu a Turai, ɗaya wannan cuta ce ta kashe shi. Shi ya sa har yau ake tunawa da tarin fuka a duniya kowace ranar 24 ga Maris.

Abin da Koch ya buɗe wa ƙofa shi ne fahimtar da muke da ita yanzu. Ƙwayar tana fita daga ƙirjin mai ciwo in ya yi tari ko atishawa, ta rataya cikin iskar ɗaki na tsawon sa'o'i, wani ya shaƙa. Dalilin da ya sa take bin gida ke nan: iska ɗaya ake shaƙa. Ba ta bin jini daga uba zuwa ɗa, ba ta bin ƙwaryar fura da aka sha tare, ba ta bin gaisuwar hannu.

Amma gano ƙwaya daban, samun magani daban. Fiye da shekara 60 aka yi bayan Koch babu maganin da ke kashe ta. Abin da Turawa ke yi shi ne su kai mai ciwo wani gida na musamman a kan tsauni, ya kwanta, ya ci abinci mai kyau, ya sha iska. Wasu su samu sauƙi su koma gida, bayan ƴan shekaru ciwon ya tashi. Tun a wancan zamani likitoci suka gane cewa wanda ya tashi daga jinyar fuka sai an ci gaba da sa masa ido.

ZAMANIN NASARA

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma birnin ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Zamanin ya zo da abubuwan da tarin fuka ke so: barikin soja, gidan kaso, aikin tilas, ga yunwa irin ta Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Jikin da yunwa ta ci ba shi da garkuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Yaƙin Duniya na Farko Faransa ta kwashi dubban samari daga Afirka ta Yamma zuwa Turai. Wani likita, Amédée Borrel, ya duba waɗanda aka ajiye a sansanin Fréjus a kudancin Faransa, ya fitar da bincikensa a 1920. Ya tarar kaɗan ne ƙwarai cikinsu suka taɓa haɗuwa da ƙwayar kafin su zo, amma da suka shiga cunkoson bariki da sanyin Turai sai cutar ta riƙa kayar da su da sauri. Wannan labari ya kamata ya tsaya mana a rai, don yau ma samarinmu suna tafiya lafiya lau su dawo da tari, sai dai wurin zuwan ne ya sake.

A 1921 aka fara ba jariri rigakafin da ake kira BCG a Paris, wanda wasu Faransawa biyu, Albert Calmette da Camille Guérin, suka haɗa. Ita ce allurar nan da ake yi wa jarirai bayan haihuwa, mai barin ɗan tabo a hannu. Tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, kamar wanda ke hawa ƙwaƙwalwa ya yi kama da sanƙarau. Amma kariyarta ga babban mutum ba ta da tabbas. Don haka tabon hannu ba laya ba ne, mai shi yana iya kamuwa.

DA MAGANI YA SAMU

A 1943 aka gano streptomycin a Amurka, aka fara gwada shi a kan masu tarin fuka a 1944. Mutanen da aka fid da rai da su suka miƙe, duniya ta yi murna. Ba a daɗe ba sai likitoci a Ingila suka lura cewa in an ba da shi shi kaɗai, cikin ƴan watanni ƙwayar takan saba da shi ta daina jin sa. Darasi na farko ke nan: magani ɗaya bai isa ba, sai an haɗa.

Aka samu isoniazid a 1952, daga baya ethambutol da rifampicin a shekarun 1960. Da can jinyar takan kai wata 18 har zuwa shekara biyu. Gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Gabas a shekarun 1970 ne suka nuna cewa in aka haɗa da rifampicin da pyrazinamide, wata shida ya wadatar. Wannan shi ne tushen abin da ake ba mu yau kyauta: magani huɗu a haɗe na wata biyu, sannan biyu a haɗe na wata huɗu. Rifampicin ɗin ne ke sa fitsari ya yi ja, kuma wannan ba abin tsoro ba ne.

Akwai wani bincike da aka fara a Madras ta ƙasar Indiya a 1956 wanda ya shafe mu kai tsaye. An raba marasa lafiya biyu, wasu a kwance a asibiti, wasu a gidajensu na talauci, duk ana ba su magani iri ɗaya. Sakamakon ya zo kusan daidai, kuma iyalan waɗanda ke gida ba su fi kamuwa ba, saboda da zarar an fara magani na gaskiya yaɗuwar takan ragu da sauri. Shi ya sa yau mutumin Dogo zai iya jinya a ɗakinsa kusa da iyalinsa. Sai dai binciken ya fito da wata matsala: mutum in ya ji sauƙi bayan wata ɗaya ko biyu sai ya ajiye magani. Kun ga an kashe maciji ba a sare kai ba.

RANAR DA DUNIYA TA YI SAKACI

Ba talaka kaɗai ke wannan sakaci ba, gwamnatoci ma sun yi. A shekarun 1970 ƙasashe masu arziki suka ɗauka an gama da tarin fuka, aka rage kuɗi, aka rufe wuraren jinya. A birnin New York na Amurka ba a daina ba da magani ba, bibiyar masu shan sa ce ta lalace. Mutane su fara, su bari, su dawo. Da cutar sida ta shigo tana karya garkuwar jiki, sai tarin fuka ya tashi, har a 1992 aka ƙirga mutum fiye da 3,800 a birnin kaɗai, da yawansu da ƙwayar da ba ta jin magani. Sai da suka kashe sama da dala biliyan 1 kafin su shawo kan abin da suka ce sun gama da shi.

A nan Sahel kuma ga yunwar 1973 zuwa 1974, ga ta 1984 da dattawanmu ke kira El-Buhari, ga asibitoci babu kaya. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta shelanta cewa tarin fuka ya zama bala'in gaggawa a duniya. Hanyar da ta rungume kuwa a Afirka aka gina ta. Wani likita mai suna Karel Styblo ya gwada ta a Tanzaniya tun ƙarshen shekarun 1970: a duba kaki da madubi, a rubuta sunan kowane mai ciwo a rajista, a sha magani a gaban wani, a tabbatar magani bai yanke ba, sannan a rubuta ƙarshen kowa, ya warke ne, ya rasu ne, ko ya ɓace. Wannan katin da ake ba mai ciwo a CSI, da gwajin kaki da ake maimaitawa a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida, duk daga nan suka samo asali.

ABIN DA NIJAR TA KOYA WA DUNIYA

Ga wani babi da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Tarin fuka mai bijire wa magani, wanda ba ya jin isoniazid da rifampicin, da can jinyarsa takan kai wata 20 ko fiye, da allurai masu zafi, kuma kusan rabin masu shi ne kawai ke tsira. A Bangaladesh wani likita ɗan Beljiyam, Armand Van Deun, ya gwada gajeren haɗi na wata tara ya ga yana aiki.

A watan Yuli 2008 shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasarmu, PNLT, tare da ƙungiyar Action Damien, suka fara irin wannan gajeriyar jinya a Yamai, ta wata 12. Daga lokacin zuwa Disamba 2010 an sa mutum 65. Cikinsu 58 suka warke, 6 suka rasu, 1 ya bar magani. Likita Alberto Piubello da abokan aikinsa ƴan Nijar suka fitar da sakamakon a 2014, kuma yana cikin hujjojin da suka sa OMS ta amince da gajeriyar jinya a 2016. Daga baya aka kai wannan aiki Maraɗi da Damagaram, ba sai kowa ya tafi Yamai ba.

To amma ku lura da wurin da ya fi shafar zancenmu na yau. Abin da ya ba wannan aiki daraja shi ne, bayan an sallami mutanen ba a ce musu sai wata rana ba. An ci gaba da kiran su ana duba kakinsu har tsawon shekara biyu, kuma cikin waɗanda aka bibiya babu wanda ciwon ya dawo wa. Da an tsaya a ranar da aka haɗiye ƙwayar ƙarshe, da babu wanda zai iya bugun ƙirji ya ce an warke. Ashe a ƙasar nan tamu aka nuna cewa sa ido bayan sallama yana cikin jinya.

WANDA YA WARKE, ME KE GABANSA?

Mutane da yawa suna ɗaukar tarin fuka kamar ƙyanda, wai in ka yi sau ɗaya ka gama. Ba haka ba ne wallahi. Yana iya dawowa ta hanya biyu. Ko dai wasu ƴan ƙwayoyi da suka ɓuya su farfaɗo, wanda ya fi faruwa cikin shekarar farko bayan gama magani, ko kuwa mutum ya sake shaƙar sabuwar ƙwaya daga wani. Wani bincike da aka yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2005, ya nuna waɗanda suka warke sun fi sauran jama'ar unguwarsu sake kamuwa da sabuwar ƙwaya har kusan ninki huɗu. A 2019 kuma masana suka tattara bincike daga ƙasashe da dama suka ga cewa mutuwa cikin waɗanda suka gama jinyar tarin fuka ta kusan ninka ta sauran mutane sau uku. An ƙiyasta cewa a 2020 akwai mutum kamar miliyan 155 a raye a duniya da suka taɓa yin wannan ciwo. Amma sai a 2019 aka yi taron duniya na farko a kan halin da suke ciki bayan jinya, a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu.

Dalili shi ne ƙwayar in ta mutu tana barin tabo a huhu, wani lokaci har da rami. Nelson Mandela ya kamu da tarin fuka a kurkuku a 1988, ya sha magani ya warke, ya shugabanci ƙasarsa, ya rayu shekara 25 bayan haka. Amma ciwon huhu ne ya riƙa mayar da shi asibiti a ƙarshen rayuwarsa har ya rasu a Disamba 2013. Labarinsa ya nuna abu biyu a tare: ana warkewa a yi tsawon rai a yi babban aiki, kuma ƙirjin da ya taɓa ciwo yana son lallashi.

MU DAWO DOGO

Garinmu yana kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, cikin gundumar Mirya, kuma mutanenmu matafiya ne. In an gama aikin gona wasu Kano da Legas, wasu Aljeriya da Libiya, wasu kuma tun 2014 wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakatan. Can ana kwana goma-goma a ɗaki ko a rumfa, ana shaƙar ƙurar dutse, kuma ƙurar dutse tana raunana huhu ta buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙiyasin OMS na shekarun nan ya nuna kimanin mutum 20,000 ke kamuwa a Nijar kowace shekara, kuma da yawansu ba su kai ga gwaji ba. A duniya kuwa a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu, miliyan 1.25 suka rasu.

Saboda haka, ɗan uwa ko ƴar uwa da Allah ya ba lafiya, ga abin da tarihin nan ya bar maka.

Na farko, katinka. Ka adana shi kamar takardar gona. Duk ranar da ka sake zuwa asibiti da tari, ko a Kano ne ko a Agadas, ka nuna shi ka ce na taɓa shan maganin tarin fuka a shekara kaza. Wanda ya taɓa jinya ba a duba shi kamar sabon kamu. Na'urar GeneXpert, wadda OMS ta amince da ita a 2010, tana faɗa cikin kamar awa biyu ko ƙwayar na jin rifampicin. Kuma tana iya ganin burbushin matacciyar ƙwaya a kakin wanda ya warke, don haka sai likita ya san tarihinka zai fassara sakamakon daidai.

Na biyu, alamomi. Tari ya kai sati biyu, zazzaɓin yamma, zufar dare, rama, ko jini a kaki, kada ka tsaya sai kasuwa ta ci, ka koma inda aka yi maka magani. Kuma ba kowane tari ne dawowar cutar ba. Wani tabon huhu ne, wani kuma wata cuta ce ta daban ta samu ramin da aka bari. Gwaji ne ke rabewa. Abin da ya fi komai haɗari shi ne ka tuna kalar ƙwayar da ka sha ka je wurin mai tallar magani a tire ka saya, ko ka karɓi ragowar na wani. Ta haka ake ƙera ƙwayar da ba ta jin magani.

Na uku, mutanen gidanka. Kai ka warke, amma watannin da ka yi kana tari kafin a gano, su wa suka kwana da kai? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙar ƙwayar nan, tana iya kwanciya shiru a jiki shekaru, kuma 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda suka shaƙa ne ciwon ke tasar wa. Yara ƴan ƙasa da shekara biyar da masu ɗauke da sida sun fi kowa haɗari. Akwai maganin kariya da ake ba su, na wata shida ko na wata uku, ko da ba su da alamar komai. In ba a ba naka ba, ka tambayi majo da bakinka. Yaro fa ba lallai ya yi tari irin na babba ba, wani sai dai ka ga ya daina wasa, ya ƙi abinci, yana ta ramewa. In ciwon ya tashi a jikin wani a gidan, kai da ka warke kana sahun gaba wurin sake shaƙa.

Na huɗu, iska da rana. Lokacin hunturu mukan toshe kowace kafa, mu kunna garwashi, mu kwana cikin hayaƙi. Da gari ya waye a buɗe ƙofa da taga, a shanya shimfiɗa, don iska tana kwashe ƙwayar, hasken rana yana kashe ta. Mai sabon gini ya bar taga biyu masu kallon juna. Malaman tsangaya su ma su duba inda almajirai ke kwana.

Na biyar, abin da ke shiga jiki. Taba, shisha da giya suna ƙara haɗarin dawowar ciwon. Hayaƙin murhu a rufaffen madafi yana cutar da ƙirjin matan da suka yi jinya, gara a yi girki a fili. A cikin abubuwan da ke jawo tarin fuka a duniya, rashin isasshen abinci ne kan gaba. Ba sai nama kullum ba: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, zogale, ƙwai in an samu. Madara kuwa a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da nono, don shanu ma suna da nasu tarin fuka da ke bin ɗanyar madara. A kuma yi gwajin sida da na ciwon suga, tunda dukansu suna karya garkuwa, kuma dukansu ana iya riƙe su da magani.

ƘYAMA ITA MA CUTA CE

Akwai gidajen da har yau ake ware wa wanda ya warke kwanonsa da moɗarsa. Akwai auren da aka fasa, akwai matar da aka kai gidansu jinya ba a je biko ba. Jama'a, wanda ya gama magani aka tabbatar ya warke ba ya sa wa kowa. Wannan ƙyamar ragowar tsohon zancen gado ne da aka rushe tun 1882, kuma ita ce ke sa mutum in tari ya dawo masa ya ɓoye, ya yi ta shan jiƙo a ɗaka har ya shafa wa ƴaƴansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu a ganinmu, wanda ya warke shi ne malamin da garin nan ya fi buƙata. Ya san ɗacin maganin, ya san wahalar zuwa karɓa da damina, ya san ranar da ya ji kamar ya bari. In shi ya ce wa maƙwabci tashi mu je a duba kakinka, kyauta ne, ni ma na yi na warke, maganarsa ta fi ta rediyo shiga, don gani ya kori ji. Muna roƙon sarakunanmu da masu gari, limamai, ƙungiyoyin mata da samarin fada su jawo irin waɗannan mutane kusa, a ba su dama su yi magana a wurin suna da bakin masallaci. Muna kuma roƙon ma'aikatan lafiya, ranar sallama a zauna da mutum ko na minti goma ne, a gaya masa abin da zai kula da shi da ranar da zai dawo a duba shi, a tambaye shi yara nawa ke ɗakinsa.

Kakanninmu sun yi fama da ciwon nan ba su san ƙwayarsa ba, ba su da maganinsa. Mu an nuna mana ƙwayar, an kawo maganin har ƙasarmu kyauta, saura namu. Duk wanda ya san wani da ya gama magani a bana ko bara, ya karanta masa wannan, ya tambaye shi ina katinsa, ya tambaye shi ko an duba yaran. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, waɗanda suka warke ya ƙara musu ƙarfi, waɗanda ciwon ya yi ajalinsu ya jiƙansu da rahama. Amin.